Jirgin da ake kashe attajiri a cikinsa duk daren Asabar

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na zo da labari, amma don Allah a bari in kai aya kafin a fara jifana.

Daren Asabar ɗin da ta wuce abokan aikina suka ja ni wani wuri. Ɗaya daga cikinmu ce za ta ajiye aiki bayan shekara talatin tana jinya, aka ce liyafar ban kwana a jirgin ƙasa za a yi mata. Ni da na ji jirgi na ɗauka tafiya ce, har ina tambaya ko in zo da kayan kwana, suka yi ta yi mini dariya. Ashe jirgin babu inda za shi. Wani ɗan ƙaramin layin dogo ne a bayan garin da nake a nan Amurka. Da rana taki da hatsi da katako kamfanin yake ja, ran Juma'a da Asabar da daddare sai ya ɗaura tsofaffin taragu huɗu na cin abinci, ya ratsa gonakin masara da mutane, ya tsaya a tsakiyar daji, ya juyo. Awa uku da 'yan kai. Hajar da ake sayarwa a ciki biyu ce, abinci da kisan kai.

Kisan na wasa ne mana. Mutum na zama zai tarar an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga 'yar fitila, ga wata takarda da guntun fensir. A takardar an jera sunayen mutum biyar. Aka ce mana wai muna cikin shekarun 1920, lokacin da aka haramta giya a ƙasar nan, kuma wani tsohon attajiri ne ya ɗebo iyalinsa a jirgi zai karanta musu sabuwar wasiyya. Ga amaryarsa da ya yi jika da ita, ga ɗan ƙaninsa da caca ta cinye, ga lauyansa, ga ƙanwarsa, ga wata mawaƙiya da ba wanda ya san abin da ya kawo ta. Ana kawo miya suka faɗo taragonmu suna cacar baki a tsakanin tebura. Tsohon ya zaro kwalbar da ya ɓoye a aljihun kwat, aka tsiyaya, aka ce kowa a tarago ya ɗaga kofinsa. Bai sauke nasa ba ya riƙe maƙoshi, ya yi tangal-tangal, ya zube a gefen ƙafata. A gefen ƙafata fa jama'a, har hularsa ta taɓa mini takalmi.

Sai ga ɗan sandan ciki da malafa da sigarin da ba a kunna ba. Daga nan duk lokacin da aka kwashe kwanuka sai su dawo da sabuwar rigima da sabuwar alama, kuna ci kuna rubutawa. A ƙarshe kowa ya rubuta wanda ya yi kisan, da me ya yi, kuma don me. Wanda ya canka a ba shi kofin shayi mai hoton jirgin.

Na yi dariya har da ƙwalla. Amma da na dawo gida ina alwala sai na ji wani iri a raina. Mutuwa fa muka biya kuɗi muka yi wa dariya. Ku yaya kuka gani?

Zee:
Anti tsaya tukuna. Wa ya kashe shi?

Hajiya Balaraba:
Amaryar ce mana, wannan ai ba sai an kira ɗan sanda ba. Ga tsoho ga kuɗi ga sabuwar wasiyya, me kuma ake nema?

Maman Ilham:
Hajiya riƙe amsarki a hannu, zan dawo kanta. Zee ki yi haƙuri, mu ma sai da muka cinye kek aka gaya mana.

Baba Audu Reluwe:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ni gawar ba ta dame ni ba, na san da kun kau da kai zai tashi ya karkaɗe rigarsa. Na yi shekara 31 a reluwe, yawanci ina gadi tsakanin Kaduna da Kafanchan, don haka abin da ya tsaya mini a rai miyar ce. Yaya aka yi miya ta zauna a kwano jirgi na tafiya? Mu a zamaninmu shayi ma sai ka tallafe shi da hannu biyu. Na biyu kuma, kin ce ya tsaya a daji ya juyo. Jirgi ba mota ba ne. A ina ya yi shantin?

Maman Ilham:
Baba ai tafiyar hawainiya yake yi, mai keke in ya dage zai wuce mu. Kuma bai yi shantin ba, kai biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya. Da muka tsaya na ga direban ya sauko da tocila ya taka a ƙasa ya koma ɗaya kan.

Maganar tashin gawa kuwa ka yi gaskiya. Tunda taragu huɗu ne, kowace fitowa sau huɗu suke yin ta. Ni kujerata na kusa da ƙofa, ta gilashi na hango mamacin namu a tsaye tsakanin tarago da tarago yana shan ruwan gora, yana gyara gashin bakinsa, yana jiran a kira shi ya je ya mutu wa na gaba. Sau huɗu bawan Allahn nan ya mutu a daren nan. Kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ina shaida muku bai iya ba, cikinsa sai sama da ƙasa yake yi.

Sani Mai Tirela:
Baba Audu barka da hutawa, bari ɗanka ya amsa maka ta miya, don ni kayan gini nake ja a Fulorida, kullum ina bakin inda jirgi ke sauke kaya.

A nan hukuma ta kasa layin dogo mataki-mataki bisa lafiyarsa. Mataki na ɗaya jirgin kaya ba ya wuce mil 10 a awa, na fasinja mil 15. Mataki na biyu 25 da 30. Yawancin irin waɗannan ƙananan layuka a nan suke, domin gyara dogo ya ɗauki gudu kuɗi ne mai yawa, kuma taragon siminti ba ya sauri. To ka ga abin da yake aibi ga mai tafiya, ga mai cin abinci alheri ne.

Asalin abin kuwa kasuwa ce zalla. Tun 1 ga Mayu 1971 manyan kamfanoni suka miƙa wa Amtrak, kamfanin da gwamnati ta kafa, jigilar fasinja mai nisa, suka tsaya kan kaya. A 1980 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ake kira Staggers, wadda ta sassauta musu, suka samu damar rabuwa da rassan da ba sa kawo musu riba. Ƙananan 'yan kasuwa suka riƙa saye. Yau akwai irin waɗannan ƙananan kamfanoni wajen 600, manyan kuwa shida ne kacal. To ka sayi reshe, jirgin kayanka ya wuce da rana, da daddare dogo na kwance yana shan raɓa, haraji da inshora kuwa ba sa barci. Ga tsofaffin taragun fasinja na shekarun 1940 da 1950 ana samunsu. Me za ka yi?

Wanda na fi sani shi ne Seminole Gulf Railway a Fort Myers. A 1987 suka karɓi layin daga hannun CSX, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan, aikinsu na asali jan katako da kayan gini da gas. A 1991 suka fara jirgin cin abinci, kuma wasan kisan ne ya yi musu suna. Mil 40 ne zuwa da dawowa, wajen kilomita 64, cikin awa uku da rabi, abinci hawa biyar. Baba ka yi lissafin gudun da kanka. Haka R.J. Corman a Kentaki, mutumin da ya fara a 1973 da motar haƙa ɗaya da tifa ɗaya, ya sayi reshen Bardstown mai mil 20 a 1987, shekara na zagayowa ya ɗora masa jirgin cin abinci, su ma suna yin daren kisan.

Ga kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Da daddare ba ka ganin komai ta taga sai fuskarka. In za ka zaunar da mutum awa uku a kujera ɗaya, waje duhu, dole ka ba idonsa aiki a ciki. Ko masu abin kallo, kamar layin Cumberland zuwa Frostburg a jihar Merilan, mil 16 na hawan dutse, in rana ta faɗi su ma gawa suke kwantarwa.

Baba Audu Reluwe:
Allah ya yi maka albarka Sani. Mil goma sha ɗaya da 'yan kai ke nan a awa, ashe miya na da gaskiya. Dogon da ba a takawa tsatsa ke cin sa, daga baya masu gwangwan su ƙarasa. Ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, yau sai dai ka je gidan tarihi na Jos ka ga kawunansa a ajiye. Da an samu mai irin wannan dabarar ko da guntun layi ne da ya rage.

Zee:
Duk na ji, Allah ya ƙara ilimi. Wa ya kashe shi?

Nura Rigasa:
Na karanta tun daga sama ina cije baki, amma ba zan iya wucewa ba. Anti Maman Ilham, kin tambaya yaya muka gani, to ga yadda na gani. Wannan wasan ƙoshi ne. Wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi a jikin tarago ba shi zai biya kuɗi a yi masa kwaikwayon kisa a jirgi yana yanka nama da wuƙa da cokali mai yatsu.

Ni gidanmu da tasha tafiyar ƙafa ce. Ran Litinin 28 ga Maris 2022 da daddare aka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna a wajen Katari. Aƙalla mutum takwas aka kashe, aka shiga daji da fiye da sittin. Na ƙarshe su 23 sai 5 ga Oktoba suka fito, wata shida da kwanaki. Jirgin bai sake tashi ba sai Disamba. Na san gidan da aka yi watannin nan ba a kashe waya ko da minti ɗaya, in caji ya kusa ƙarewa har rawar jiki ake. Yanzu a ce min ana dariya an kwantar da gawa a tsakiyar tarago. Ku yi haƙuri, ni ban ga abin dariya ba.

Hajiya Balaraba:
Innalillahi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Isuhu Maraɗi:
Amin ya Allah. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ba a ganin laifinsa.

Sani Mai Tirela:
Amin. Nura ɗan uwa, babu mai ja da kai a kan wannan, dukkanmu abin ya taɓa mu. Amma su mutanen can ba da mu suke ba, ba su ma san Katari ba. Kuma kada ka ɗauka ba su san masifa ba. A wannan shekarar ta 2022, ran 28 ga Satumba, guguwar Ian ta faɗa wa yankin Fort Myers, ta kashe mutane da dama, ta lalata gadojin jirgin nan da ke kan kogin Caloosahatchee. Sai da aka haura shekara kafin jirgin kaya ya sake tsallaka kogin, mu 'yan tirela muka yi ta ɗaukar abin da ya saba shigowa da shi. Masu dafa abincin nan da 'yan wasan nan talakawa ne irina, albashi suke nema.

Nura Rigasa:
Yaya Sani, guguwa daga Allah take. A kawo mini jirgin da ake wasan guguwa a cikinsa a Fort Myers, ana watsa wa mutane ruwa ana kwaikwayon nutsewa suna cin kek, mu gani ko za a sayi tikiti. Ba za su yi ba, domin ita suka sani. Kisa a jirgi ne ba su sani ba shi ya sa ya zama abin wasa.

Sani Mai Tirela:
Wannan kam ka kama ni. Ba ni da amsa.

Maman Ilham:
Nura ƙanena, wallahi da zan rubuta sai da jirgin Kaduna ya faɗo mini a rai, kuma ina jin shi ne abin da ya tsaya mini a wajen alwalar nan ban gane ba sai da ka faɗa. Allah ya ba ka haƙuri in na fama maka ciwo.

Amma bari in gaya maka su waye a teburinmu. Mu takwas ne, tebur biyu, dukkanmu ma'aikatan jinya. Wadda ake wa liyafar ta rufe idon mutanen da ita kanta ba ta san adadinsu ba. A 2020, lokacin korona, tare muka yi ta tura gadaje, muna riƙe wa marasa lafiya waya a kunne su yi sallama da 'ya'yansu. Ita ta fi kowa ƙyaƙyata dariya da tsohon nan ya faɗi. Da muna komawa mota na tambaye ta, ta ce min wannan ce mutuwa ta farko cikin shekara talatin da ba sai ta cike takarda a kanta ba. Don haka ban yarda cewa duk mai dariya a jirgin nan bai san mutuwa ba. Abin da na yarda da shi shi ne naka na biyu, ba su san irin wannan mutuwar ba.

Mubarak Lesta:
Assalamu alaikum iyaye da yayye, a ba ɗalibi dama. A nan Ingila ma ana yi sosai. Kusa da mu akwai Great Central Railway, daga Loughborough zuwa arewacin Lesta, wajen mil takwas, jiragen gawayi ne na da, kuma yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, tsofaffi irin su Baba Audu da suka ƙi rabuwa da dogo. Su ma suna da daren kisan.

Abin da na so in ƙara wa Yaya Nura shi ne, su ma da jinin gaske abin ya fara. Kisan farko a jirgin ƙasa a Birtaniya an yi shi ran 9 ga Yuli 1864. Wani dattijo ma'aikacin banki, Thomas Briggs, ɗan shekara 69, ya hau jirgi a tashar Fenchurch Street a Landan da daddare. Taragun lokacin ɗaki-ɗaki ne, kowane da ƙofarsa ta waje, babu hanyar ratsawa a ciki, in an rufe ka da mutum sai tasha ta gaba, ko ihu ka yi babu mai ji. Aka tsince shi a gefen dogo tsakanin Bow da Hackney Wick, aka raba shi da agogon zinarensa da sarƙarsa, bai tashi ba. A ɗakin aka samu hular da ba tasa ba, wato makashin cikin sauri ya ɗauki ta mamacin ya bar tasa. Wani tela Bajamushe ne, Franz Müller. Ya kai sarƙar wajen wani mai sayar da kayan zinare ya yi musaya, kuma wallahi sunan mai shagon John Death, da Hausa Mutuwa ke nan. Müller ya hau jirgin ruwa mai filafilai ya nufi Niyok, 'yan sanda suka bi shi a mai inji suka riga shi isa, suka zauna jiran sa. An rataye shi a bainar jama'a a Nuwamban shekarar, dubban mutane suka je kallo.

Bayan nan tsoro ya kama matafiya har wasu kamfanoni suka huda 'yan tagogi a bangon da ke tsakanin ɗakuna, mutane suka laƙaba musu sunan Müller. A 1868 aka yi dokar da ta tilasta a samar wa fasinja hanyar sanar da ma'aikatan jirgi in wani abu ya faru, asalin igiyar nan da ake ja ke nan.

Baba Audu Reluwe:
Ikon Allah. Shekara 31 ina faɗa da yara kada su taɓa igiyar nan, ban san tela ne ya jawo ta ba.

Nura Rigasa:
To Mubarak, ka taimake ni ne ai. Shekara nawa aka ɗauka kafin ya zama abin nishaɗi?

Mubarak Lesta:
Labaran kisa a jirgi an daɗe ana rubutawa, amma wanda ya fi shahara, na Agatha Christie a kan jirgin Orient Express, a 1934 ya fito. Shekara 70 cif bayan Briggs. Jiragen cin abincin da Yaya Sani ya lissafa kuwa sai bayan wasu shekaru hamsin da ɗoriya. Sai dai kar mu wanke su da yawa, waɗanda suka cika titi kallon rataya a 1864 ba wa'azi suka je ji ba.

Nura Rigasa:
Shi ke nan. Jikokin jikokinmu sa yi, in Allah ya kawo zaman lafiyar da za a manta.

Malam Habu:
Ni tawa damuwar daban ce, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Kwaikwayo dai mun san shi, yara na tashe da azumi suna shigar tsoho da gemun auduga babu wanda ya ce sun yi ƙarya, kowa ya san wasa ne. Kacici-kacici ma namu ne. Abin da na tsaya a kai, Maman Ilham, kin ce an ce kowa ya ɗaga kofi. Me ke cikin kofunan, kuma ke me kika ɗaga?

Maman Ilham:
Malam ka taɓo inda ake yin ta. Kwalbar 'yan wasan shayi ne mai sanyi a ciki, daga baya na tambaya. Fasinjoji kuwa kowa da abin da ya saya, kuma ba zan ɓoye ba, da yawa giya ce. Teburinmu sun san ni, lemo da ruwa aka ajiye a gabana, abinci ma tun wajen yankan tikiti na zaɓi kifi. Da aka ce a ɗaga kofi ni ban ɗaga komai ba, na naɗe hannuna.

To wannan naɗe hannun shi ya jawo mini. Ɗan sandan nan yana fara bincike sai ya taho kai tsaye wajena da makirfo, ya karkace malafa, ya ce duk taragon nan mutum ɗaya ce ba ta ɗaga kofi ba, kuma a ƙafarta mamaci ya faɗi, me na sani da sauran ba su sani ba? Tarago ya ɗauki shewa. Ga ni da ɗankwali, ga mutum wajen hamsin sun juyo suna kallona. Na ce masa ni dokar hana giyar da kuka yi a 1920 kuka janye a 1933, a gidanmu ba a janye ta ba har yau. Sai da ya juya baya ya yi dariya ya dawo. Ya ce a rubuta sunana a cikin waɗanda ake tuhuma. Kuma da aka tattara takardu, mutum biyu ni suka rubuta.

Hajiya Balaraba:
Kai jama'a! Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. An je cin kifi an dawo da tuhumar kisa.

Malam Habu:
Amsar ta yi kyau. Zaman dai da sauran magana, amma wannan sai mu yi ta a gefe.

Sani Mai Tirela:
Anti wane layi ne wannan? Ko na san shi.

Maman Ilham:
Ba zan faɗa ba Sani, domin yanzu zan kushe musu kifi. Ya bushe kamar an shanya shi a Baga, ga shi babu yaji babu magi, kuma tikitin ya kusa dala ɗari. Da na san haka ne da na sako yajin ƙuli a jaka.

Isuhu Maraɗi:
Ku kuna gardamar abin da za a yi a cikin jirgi. Mu an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, an yi bikin buɗewa a 2016, har yau ba mu ga fasinja a kai ba. In na Kano ya iso Maraɗi ni zan nemi tarago ɗaya haya. Amma saboda Nura babu gawa. Ragon layyan mai gari za a sace, a tuhumi sarkin fawa da ladan da uwargida, ana raba kilishi.

Nura Rigasa:
Wannan zan hau. Ladan ne, tun yanzu na faɗa.

Baba Audu Reluwe:
In da wurin gadi a ajiye mini, usur ɗina na nan a akwati.

Zee:
Anti Maman Ilham don girman Allah. Tun azahar nake nan, data na ta kusa ƙarewa.

Maman Ilham:
To Zee, ga shi, dama lokacin shiga aikina ya yi.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wata ɗabi'a da muke da ita, in aka ɗaga kofuna a taro idonka na yawo yana neman wani da bai sha ba, ko ka samu ɗan uwa. To da tsohon ya zaro kwalbarsa, mutum biyu kawai aka tsiyaya wa daga cikinta, shi da lauyansa, sauran da kofunansu suka shigo. Lauyan ne ya karɓi kwalbar ya zuba musu. Ina kallonsa ya ɗaga kofi ya kai baki, ya ajiye shi a gefen teburin da ke gabanmu a cike fal. Har na ce a raina ashe ba ni kaɗai ba ce. Daga baya aka gano ya daɗe yana wawure dukiyar tsohon, sabuwar wasiyyar kuma za ta sa a buɗe littattafan lissafi.

Da idona na gani. Amma da aka zo rubutawa sai na dubi amaryar nan da jan bakinta da kukan da babu hawaye, na ji muryar su Hajiya Balaraba a kunnena tun daga Zariya, na rubuta amarya. Kofin shayin wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya tafi da shi.

Hajiya Balaraba:
Ni dai har yanzu ban yarda ba. A sake bincike, da hannunta a ciki.